Garin da Ya Rubuta Tarihinsa a Bango

A tsibirin Vancouver, can yammacin ƙasar Kanada, akwai wani ƙaramin gari ana ce da shi Chemainus. Tun kaka da kakanni abincin mutanensa yana wurin injin tsaga katako ne. Sa'ad da kasuwar katako ta soma faɗuwa, sai wani mutum mai suna Karl Schutz, wanda ya taɓa ganin zane-zane a bangunan gidajen ibada na Rumaniya, ya ba da shawara a zana tarihin garin a jikin gine-ginensa. Aka yi zane biyar cikin 1982. Shekara ta kewayo, cikin 1983, aka rufe injin. Amma baƙi suka yi ta zuwa kallo, zane kuwa ya haura arba'in, gari ya tsira.

To, yabon gwani ya zama dole. Masu zanen farko ba su nemi sarakuna ko jarumawan yaƙi ba. Masu saran itace suka zana, da injin tururi mai jan gungume, da kantin wani Basine mai suna Hong Hing. Wanda bai iya karatu ba ma, in ya bi sawayen da aka shafa da fenti a gefen titi, sai ya karanta labarin garin da idonsa.

Amma akwai abin gyara. Yawancin zanen daga tsofaffin hotuna aka kwaikwaye su, mutum kuwa in zai tsaya gaban mai hoto, kyakkyawar rigarsa yakan sa. Saboda haka ƙarfin ma'aikata ya fito sarai, wahalarsu ta ɓuya. Har wa yau, zanen da aka yi wa 'yan asalin ƙasar cikin 1983, mai manyan fuskoki uku, yana da kwarjini ƙwarai, sai dai ya nuna su kamar mutanen dā, alhali jikokinsu suna nan kusa, sunan garin ma daga gare su aka samo shi.

A ganina wanda ya fi duka nauyi shi ne na 1991, mai hoton Shige Yoshida, Bajapanen da ya kafa wa yaran Japanawan garin ƙungiyar sikawut. Wanda ya san cewa cikin 1942 Gwamnati ta kwashe Japanawa daga bakin tekun nan ƙarfi da yaji, ba zai dubi zanen ba tare da jin nauyi a zuciya ba. Nan gari ya tuna da maƙwabtan da aka raba shi da su.

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zanen bango in yabo kaɗai ya ƙunsa, aikin maroƙi ne. Ba ya zama tarihi sai ya ba wanda aka ƙwara wuri a jikin bangon.