Gwanintar Gina Ɗaki da Dusar Ƙanƙara

A ƙuryar arewacin Kanada da arewacin tsibirin Girinlan, sanyin hunturu kan wuce digiri 40 ƙasa da sifili, kuma babu ko bishiya ɗaya da mutum zai raɓa. A nan ne mafarautan ƙabilar Inuwit suka gaji wata sana'a da ta cancanci jinjina: gina ɗakin da ake kira igulu, da dusar ƙanƙara zalla, da wuƙa guda a hannu.

Aikin yana farawa ne tun kafin a yanki tubali. Ba kowace dusa ke ginuwa ba. Wadda ta zubo yanzu gari ce, ba ta kamuwa; wadda ta daskare ta zama ƙanƙara kuwa nauyi gare ta, kuma ba ta riƙe ɗumi. Magini zai riƙa yawo yana caka siririyar sanda a ƙasa, yana jin yadda take shiga, har ya dace da dusar da iska ta danne ta yi tauri daidai daga sama har ƙasa. A ganina, rabin gwanintar a wannan sandar take. Irin wannan dusa cike take da iskar da ta maƙale a tsakanin ƙwayoyinta, kuma wannan iskar ce ke hana zafin jikin mutum tserewa waje.

Sai ya zana da'ira, ya tsaya a cikinta, ya yanko tubala da doguwar wuƙa, wadda a da ake yi da ƙashi ko ƙaho, yanzu kuma da ƙarfe. Idan ya jera sahun farko, sai ya fiƙe samansa ya zama gangare, ta yadda sauran tubalan za su riƙa hawa suna kewayawa babu yankewa, kamar yadda mai ginin tukunya ke naɗa yumɓu. Kowane tubali yana ɗan sunkuyowa ciki, yana jingine da na ƙasansa da na gefensa da ya riga shi zama. Shi ya sa ginin ba ya buƙatar tokara ko ginshiƙi, ko da bango ya kusa rufewa a kan maginin. Tubalin ƙarshe ya fi kowane wuya: daga ciki ake tura shi ta ramin da ya rage, a juya shi, a riƙa sassaƙe gefensa har ya zauna daram. Abokin aiki na waje yana cushe tsagogi da dusa. Gwani kan gama ƙaramin ɗaki cikin kamar awa guda.

Tsarin cikin ma ilimi ne. Ƙofar rami ce da ake haƙawa ƙasa da daɓen ɗakin, domin iska mai sanyi ƙasa take kwanciya, mai ɗumi ta tashi sama. Saboda haka ake ɗaga wurin kwana, a shimfiɗa fatun karibu, wata barewar ƙasar sanyi. Fitilar dutse mai cin kitsen dabbobin teku, wadda mata ke kula da ita, tana ba da haske da ɗumi. Bangon ciki kan ɗan narke ya sake daskarewa, ya ƙara ƙarfi, har ƙato ya iya tsayawa a kan rufin. Dole kuma a huda ƙaramar kafa a sama. Wanda ya manta da ita, hayaƙi da numfashinsa na iya kashe shi yana barci.

Daga shekarun 1950 zuwa 1960 aka tattara yawancin Inuwit a garuruwa, suka koma gidajen katako. Duk da haka, da aka kafa yankin Nunabut a arewacin Kanada a 1999, sai da aka sa hoton igulu a tambarinsa. Har yau dattawa na koya wa matasa wannan gini, domin babur ɗin kan ƙanƙara na iya lalacewa nesa da gari, guguwa kuma ta taso kafin a kawo ɗauki.