Kwalba da Akushi: Nazarin Al'adar Haɗa Giyar Inabi da Abincin Kirsimeti a Faransa

A Faransa babu zaman cin abinci da ya kai na daren 24 ga Disamba girma. Suna kiransa réveillon, kuma asalinsa walima ce da iyali ke yi bayan dawowa daga addu'ar tsakar dare a coci. Makonni kafin ranar, magidanta kan shiga zirga-zirga wurin masu sayar da giyar inabi da tambaya guda: wace kwalba ce ta dace da wane abinci? Mafi yawan masu karanta wannan rubutu ba sa shan giya, domin Musulunci ya haramta ta, kuma coci-coci da dama a arewacin Najeriya ma suna hana mabiyansu. Duk da haka al'adar ta cancanci nazari. A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sanya tsarin walimar Faransawa cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, ta kuma ambaci haɗa abinci da giyar inabi a cikin ginshiƙansa. Abin da ya dame ni shi ne a gane inda ilimin ɗanɗano ya tsaya a cikin wannan al'ada, da inda fahariya da kasuwanci suka karɓi ragama.

Al'adar ba ta kai tsufan da ake zato ba. Har farkon ƙarni na 19, a gidajen manyan Faransa ana jera kwanuka da yawa a kan teburi lokaci guda, kowa ya ɗebi abin da hannunsa ya kai. A irin wannan zama ba yadda za a ce giya kaza ta abinci kaza ce. Daga baya aka karɓi salon Rashawa na kawo abinci ɗaya bayan ɗaya, wanda ake danganta shigowarsa da Yarima Alexander Kurakin, jakadan Rasha a Paris daga 1808 zuwa 1812. Sai da kowane abinci ya sami lokacinsa sannan kowanne ya sami kofinsa. Duk dokokin da ake karantawa yau a kan wannan sauyi suka tsiro.

Walimar kan buɗe da shamfen, wata giyar inabi mai kumfa, sai huîtres, wata halittar teku mai ɓawo da ake ci ɗanye da ruwan gishirinta. A nan dokar tana da ƙarfi, kuma tana da hujja. Ana zaɓar farar giya marar zaƙi mai tsami sosai, ko Muscadet daga yankin Nantes inda kogin Loire ke kusantar teku, ko Chablis daga arewacin Burgundi. Tsamin yana yin aikin da lemun tsami ke yi a kan kifi: yana kashe ƙarni, ya wartsake harshe. Masu tallar Chablis na son ƙarawa da cewa ƙasar da inabin ke fitowa cike take da ɓawon irin wannan halitta na zamanin da teku ya rufe wurin. Gaskiya ne ɓawon yana nan a cikin duwatsun, amma ban yarda shi ne ke sa haɗin ya yi daɗi ba. Tsamin ne ke aikin, sauran labari ne da ke taimaka wa ciniki.

Hana jar giya da abincin teku ma ba camfi ba ne. Jar giya ana barin ruwanta ya jiƙu da ɓawon inabi da 'ya'yansa, daga nan take samun sinadarin tanin, wanda ke kama sinadaran miyau ya bar baki a ɗaure. Wanda ya taɓa tauna goro ya san wannan baurin. Idan baurin ya haɗu da jan nama mai kitse sai ya lafa, naman ma ya rage nauyi a baki. Idan ya haɗu da kifi marar maiƙo ba abin da zai tare shi. A 2009 wasu masu bincike a Japan sun nuna cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin wasu giya yana tayar da ƙarnin abincin teku bayan an haɗiye. Tsami yana yanka maiƙo, gishiri yana sassauta bauri, zaƙi yana son abin da ya fi shi zaƙi. Wannan shi ne kashin bayan fannin gaba ɗaya, kuma duk macen da ta san girki za ta gane shi ko da ba ta taɓa ganin kwalba ba.

Inda al'adar ta fi ba ni tunani shi ne mataki na gaba, wato foie gras, hantar agwagwa ko dinya da aka ɗura wa masara har ta kumbura da kitse. Abokiyar tafiyarta a gargajiyance ita ce Sauternes, giya mai launin zinare daga kudancin Bordeaux. Yadda ake samunta abin al'ajabi ne. A lokacin kaka, sanyin ruwan ƙaramin kogin Ciron yana haɗuwa da na Garonne, hazo ya sauko da safe, wata irin fumfuna mai suna Botrytis cinerea ta kama inabin ta shanye ruwansa, sukari ya taru a cikin 'ya'yan da suka yamutse. Masu girbi kan bi gona sau da yawa suna tsinkar waɗanda suka nuna kaɗai. Giyar da ke fitowa tana da zaƙi mai kauri da tsamin da ke riƙe shi, kuma a loma guda haɗinta da hantar nan yana da ma'ana. Matsalar ita ce wurin da aka ajiye shi. An sa abu mafi kitse da abu mafi zaƙi tun kafin a kai tsakiyar walima, sannan ana sa ran harshen da ya sha wannan nauyi ya koma ya tantance jar giya mai laushi a kan naman tsuntsu. Su kansu masanan Faransa da yawa sun fara ba da shawarar a sauya da farar giya mai ƙarancin zaƙi, ko a jinkirta Sauternes zuwa lokacin cuku. Ina tare da su. Dokar ta dubi kwano ɗaya ta manta da daren baki ɗaya. Akwai kuma batun azabar da tsuntsayen ke sha wajen ɗura, wanda ya sa ƙasashe da dama a Turai suka hana yin hakan, amma a Faransa doka ta amince da foie gras a matsayin gadon al'ada.

Babban abincin yakan zama talotalo ko zakara da aka fiɗiye aka kiwata, a cusa masa niƙaƙƙen nama da 'ya'yan itacen da suke kira marrons. Naman tsuntsu ba shi da kitsen da zai ɗauki bauri mai yawa, don haka aka fi karkata ga Pinot Noir na Burgundi ko Gamay na Beaujolais, ko tsohuwar Bordeaux da shekaru suka tausasa. A Ingila abin ya fi wuya, domin suna tara komai a faranti guda: talotalo, dankali, ƙananan kabejin Brussels masu ɗaci, miyar 'ya'yan cranberry mai zaƙi da tsami, tsiren alade. Ba kwalbar da za ta biya wa duk waɗannan buƙata, kuma marubutan da suka faɗi gaskiya kan ce a dubi miya da maƙarrabanta a bar naman. Zafin giyar ma yana da tasiri. Da aka ce a sha jar giya a kan yanayin ɗaki, ana nufin ɗakunan dutse na da, kimanin digiri 16 zuwa 18, ba falon yau mai na'urar ɗumama ba.

A kan cuku, mutane sun saba zuba ragowar jar giya, alhali haɗe-haɗen da suka fi shahara ba haka suke ba. Roquefort mai gishiri yana tafiya da Sauternes. Comté yana tafiya da vin jaune na yankinsu na Jura, wadda ake ajiyewa fiye da shekara 6 kafin a zuba ta a kwalba ta musamman mai santilita 62. Turawan Ingila kuma suna haɗa Stilton da Port daga kwarin Douro na Fotugal, ɗabi'ar da yarjejeniyar ciniki ta Methuen ta 1703 ta share wa hanya lokacin da rikici da Faransa ya sa giyarta tsada. Ashe wani haɗin siyasa ce ta ƙulla shi kafin harshe ya saba. A ƙarshe sai bûche de Noël, kek mai siffar gungumen itace. A nan ne gidaje da yawa ke yin kuskuren da ya fi kowanne sauƙin gyara: suna buɗe shamfen irin brut, wadda sukarinta bai kai giram 12 a lita ba, kek ɗin ya mayar da ita tsami tsagwaron. Wadda ta dace ita ce demi-sec mai giram 32 zuwa 50, amma ana raina ta don ba ta da kwarjinin suna.

Wannan kwarjinin suna shi ne raunin al'adar. A 1855 Sarki Napoleon III ya sa aka jera giyar Bordeaux daraja-daraja don baje kolin Paris, kuma dillalan da suka yi aikin sun dogara ne da farashin kasuwa. Jerin jar giya na sahun farko bai sauya ba sai a 1973 da aka ɗaga Mouton Rothschild. Har yau magidanci kan kashe abin da ya fi ƙarfinsa don sunan da ke jikin kwalba. Amma a 1976, da Steven Spurrier ya shirya gasar ɗanɗano a Paris aka ɓoye sunaye, alƙalai Faransawa sun ba giyar Kalifoniya matsayi na ɗaya a fari da ja. A 2001 kuma masu bincike, ciki har da Frédéric Brochet, sun rina farar giya ta koma ja suka ba ɗalibai 54 masu karatun fannin a Bordeaux, ɗaliban suka siffanta ƙamshinta da kalmomin jar giya. Wannan bai rushe ilimin tsami da bauri ba. Ya dai nuna cewa ido da suna kan riga harshe yanke hukunci.

Akwai kuma abin da littattafan fannin ba sa son faɗa. Walimar da ke da giya biyar ko shida a dare guda tana rusa ginin da take ginawa, domin wanda ya kai kofi na huɗu ba shi da sauran tantancewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Janairun 2023 cewa babu adadin barasa da za a ce ba shi da illa. Faransawan kansu sun ja baya: daga fiye da lita 100 na giyar inabi ga kowane mutum a shekara a shekarun 1960, yanzu abin bai kai rabin haka ba. Kuma a ƙasar da ke da miliyoyin Musulmi, ga masu ciki da marasa lafiya da direbobi, al'adar ta daɗe tana barin baƙon da ba ya sha da ruwa tsurarsa, duk da cewa ƙa'idojinta suna aiki a kan ruwan tuffa mai tsami ko shayi mai bauri.

Ga 'yan'uwanmu Kirista a Jos, Kafanchan, Yamai ko Garwa da ke ganin waɗannan dokoki a talabijin, ina da magana ɗaya. An yi su ne don abinci mai man shanu da kirim wanda kusan ba shi da yaji. Shinkafar Kirsimeti da miyar attarugu da soyayyen naman akuya wani tsari ne daban: barasa tana ƙara zafin barkono, bauri kuma yana ƙara ɗaci a bakin da yaji ya riga ya kunna. Jar Bordeaux mai tsada ba ta dace da wannan akushi ba, kuma bisa ma'aunin Faransawan kansu, zoɓo mai sanyi da citta ya fi ta dacewa.