"Babu matsala" ko "ban gani ba"? Gyara ga takardar sikanin

Idan ka taɓa jinya a asibiti, ƙila ka ga likita ya jawo ƙaramar na'urar sikanin zuwa bakin gado, ya shafa man nan mai sanyi, ya duba na 'yan mintuna, ya yi rubutu a kati. Na'urar alheri ce. Ƙorafina a kan rubutun yake.

A ce mota ta yi haɗari a hanyar Tsafe. Gwajin gaggawa da ake kira FAST wuri 4 yake dubawa don neman jinin da ya taru a ciki: tsakanin hanta da ƙoda, gefen saifa, mara, da kewayen zuciya. To amma sautin da na'urar ke aikawa ba ya ratsa iska da ƙashi sosai, don haka iskar hanji ko haƙarƙari kan tare gani. Likita ya ga wuri 3, na huɗu ya gagara, sai ya rubuta "babu jini". Aka tura majinyacin Gusau. Wanda ya karɓe shi zai ɗauka an duba ko'ina, alhali saifa na iya zubar da jini.

Haka mai juna biyu daga Bungudu da aka bar gurbin mabiyiya fayau a takardarta. Lafiya lau take? An duba ba a gani ba? Ko ba a duba ba sam? In mabiyiyar ta rufe bakin mahaifa, amsar nan rai ce.

Masu hoton nono sun daɗe da magance wannan. A tsarin BI-RADS na Amurka, lamba 0 na nufin binciken bai kammalu ba, a sake dubawa. Mu ma kowane gurbi ya samu zaɓi 4 da kowa ya yarda da su: lafiya, akwai matsala, bai ganu ba, ba a duba ba.

Za ka ce likita ɗaya ne, layi kuma har waje. Gaskiya ne. Shi ya sa akwatin da za a yi wa alama ya fi dogon bayani sauƙi.

Kai kuma, in an miƙo maka takarda, tambayi likita: "An ga ko'ina, ko akwai inda bai ganu ba?"