Ma'aunin Fifita Fim: Matsayin Harshe a Jerin Gwanayen Fina-finan Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk inda masu sha'awar fim suka haɗu, da wuya su watse ba a yi tambayoyi biyu ba. Ta farko ita ce, wane fim ka kalla kwanan nan, kuma maki nawa ka ba shi? Ta biyu kuwa, wane fim ne gwaninka tun da ka fara kallo? Amsoshin sukan zo da sauri. Wani ya ce ya ba fim kaza bakwai cikin goma, wani ya ce har gobe babu kamar *Sangaya*. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, da wane mudu aka yi awon?

Wannan maƙala za ta duba ma'aunan da aka saba fifita fim da su, ta nuna cewa kusan dukkansu sun tsallake harshe, alhali kuwa harshen ne ya sa ake kiran fim na Hausa. Daga nan za a kawo wasu tambayoyi da manazarci zai iya auna harshen fim da su, sannan a gwada su a kan fina-finai uku na zamani daban-daban, wato *Shaihu Umar* (1976) da *Sangaya* (1999) da *The Milkmaid* (2020).

2.0 Ma'aunan da Aka Saba da Su

2.1 Ma'aunin Masu Kallo

Makin da mai kallo yake ba sabon fim yakan fito ne daga ɗokin da bai huce ba. Idan ƙarshen labarin ya girgiza shi, ko jarumin da yake so ya fito, sai ya ba da maki mai tsoka, bayan wata shida kuwa ya kasa tuna sunan tauraruwar labarin. Zaɓen gwanin fim na tsawon rayuwa shi ma yana da tasa illar, domin sau da yawa mutum yana zaɓen ƙuruciyarsa ne. Dattijon da ya shiga silimar Palace ko El Dorado a Kano yana saurayi zai kawo *Mother India* (1957) ko *Sholay* (1975). Wanda ya tashi a zamanin kaset ɗin bidiyo zai kawo *Wasila* (2000). Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma babu laifi a cikin wannan. Laifin yana zuwa ne idan aka ɗauki bege a matsayin hukunci.

Yana da kyau a lura da misalin fina-finan Indiya. Kamar yadda binciken Brian Larkin da na Abdalla Uba Adamu suka nuna, Hausawa sun shafe shekaru suna ƙaunar waɗannan fina-finai ba tare da jin harshen Hindi ba. Waƙa da rawa da jigon auren dole su ne suka ɗauki nauyin isar da saƙo. Wannan ya horar da mai kallo a kan ya yi hukunci da ido da kuma kiɗa, ya bar zance a baya. Da fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama da *Turmin Danya* na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ya tarar da masu kallo da suka riga suka saba da wannan awo.

2.2 Ma'aunin Masana da Alƙalan Gasa

Masana su ma ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. Mujallar *Sight and Sound* ta Ingila tana tattara ra'ayin masu sharhin fim duk bayan shekara goma tun daga 1952. A karon farko *Bicycle Thieves* na Italiya ne ya zo na ɗaya. *Citizen Kane* ya riƙe matsayin daga 1962 har zuwa 2002, *Vertigo* ya karɓa a 2012, sannan a 2022 *Jeanne Dielman* na Chantal Akerman ya hau. Fina-finan suna nan yadda suke. Masu zaɓen ne suka ƙaru, abin da suke nema a fim kuma ya sauya. Ke nan kowane jerin gwanaye yana ba da labarin masu zaɓe kamar yadda yake ba da labarin abin da aka zaɓa.

Dangane da harshe kuwa, abin da ya sami *Lionheart* na Genevieve Nnaji ya isa darasi ga duk mai nazarin harsunan Nijeriya. A watan Nuwamba na 2019 aka cire shi daga rukunin fina-finan ƙasashen waje na gasar Oscar ta Amurka, saboda yawancin zancen cikinsa da Ingilishi aka yi, Ibo bai wuce 'yan mintoci ba. Bayan wannan, Nijeriya ta aika da *The Milkmaid* na Desmond Ovbiagele, sannan a 2024 ta aika da *Mai Martaba* na Prince Daniel, dukkansu da Hausa. Wannan abin farin ciki ne, amma a duba yadda aka auna harshen. Ƙa'idar gasar tana ƙirga yawan zancen da ba na Ingilishi ba ne, ya wuce rabi ko bai wuce ba. Alƙalan kuma fassarar da ke ƙasan allo suke karantawa. Saboda haka fim yana iya samun lambar yabo a waje ba tare da ko mutum ɗaya ya tambaya ko Hausar cikinsa ta nuna ba.

3.0 Harshe a Matsayin Ma'auni

Nazarin adabin Hausa ya daɗe da samun matakansa. Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar feɗe rubutacciyar waƙa, Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa waƙar baka irin wannan aiki a *Jagoran Nazarin Waƙar Baka* (1993). A duka biyun, salo da sarrafa harshe suna da babban gurbi kusa da jigo da zubi da tsari. Fim yana da ƙarin abubuwa kamar ɗaukar hoto da sauti da tacewa, amma wannan bai kawar da gurbin harshe ba. Ga tambayoyi huɗu da za a iya farawa da su:

(a) Shin maganar kowane ɗan wasa ta dace da matsayinsa? Bafade ba ya magana gaban sarki kamar yadda yake yi a dandali. Uwa Bahaushiya ta ƙauye takan kauce wa kiran sunan ɗanta na fari, matar gargajiya kuma ba ta ambatar sunan miji gatsau. Idan fim ya keta irin wannan alkunya, dole ya kasance da dalili a cikin labarin.

(b) Shin karin harshen ya dace da wuri da zamani? Yawancin fina-finai suna sa kowa ya yi Kananci, ko da an ce labarin a Sakkwato ko Katsina ya faru. Sauran kare-karen harshe kuwa an fi ajiye su don ban dariya.

(c) Shin da Hausa aka yi tunanin zancen, ko fassaro shi aka yi? Jimloli irin su "na faɗa cikin soyayyarki" da "a ƙarshen rana" kalmominsu Hausa ne, amma ƙirarsu ta Ingilishi ce. Wannan ya fi Ingausa ɓarna, domin Ingausa a fili take, kuma tana iya dacewa da bakin ɗan boko.

(d) Shin zancen yana bayyana halin mai yin sa? Karin magana da habaici da zaurance, har ma da shiru, suna iya nuna wa mai kallo abin da ke zuciyar mutum ba tare da an fito an faɗa ba.

4.0 Gwajin Ma'aunin

4.1 Shaihu Umar (1976)

Adamu Halilu ne ya ba da umarni a wannan fim, wanda aka gina a kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shaihu. Tsarin labarin shi kansa na baka ne. Malami yana zaune a Rauta cikin almajiransa, aka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba da tarihin rayuwarsa: yadda makircin fadawa ya sa aka kori Makau, mijin mahaifiyarsa, daga Kagara, yadda aka sace shi yana yaro, yadda Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙetaren Sahara ya riƙe shi kamar ɗa, da yadda mahaifiyar ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin bambancin muryoyi. Maganar malami a zaure dabam take da ta fadawa masu sara da sassaƙa a gaban sarki, ita ma dabam take da ta uwa mai neman ɗanta. Babu gaggawa a zancen, gaisuwa tana cin lokacinta, kuma natsuwar Shaihu wajen ba da labarin musibun da suka same shi ita ce take isar da jigon haƙuri da yarda da ƙaddara. Rauninsa shi ne tafiyar hawainiya. Fim ɗin ya haura awa biyu, wasu fitowar kuma suna da ƙamshin wasan dandamali. Mai kallon yau yana iya gajiya. Duk da haka, a tambayoyin nan huɗu, da wuya a sami inda ya gaza.

Akwai wani darasi a tarihinsa. Fim ɗin ya shafe shekaru ba a ganinsa, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a rumbun Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. A tsawon waɗannan shekaru ba ya cikin jerin gwanayen matasa, domin ba a zaɓen abin da ba a gani ba.

4.2 Sangaya (1999)

Wannan fim na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Mohammed suka fito a ciki, yana ba da labarin soyayya tsakanin yarima da wata yarinya mai hidima a gidan sarauta. Matsayinsa a tarihin sana'ar ba abin musu ba ne. Waƙarsa, da kiɗan fiyanon da ya raka ta, ta game gari, ta shiga gidajen biki, ta kuma tabbatar wa masu shirya fim cewa waƙa ce take sayar da kaset. Shekaru da dama bayansa a kan wannan turba aka tafi.

Amma a tambayi masu sa shi a sahun farko abin da suke tunawa. Yawanci waƙar za su ambata, da fuskokin jarumai, da sutura. Kaɗan ne za su iya kawo wata musayar magana da ta zauna musu. Alhali labarin da ya haɗa ɗan sarki da baiwar gida fage ne mai faɗi na nuna yadda harshe yake raba mai mulki da talaka, da yadda so yake rage wannan tazara. Fim ɗin ya miƙa wa waƙa mafi yawan wannan aiki. Don haka ya cancanci babban maki ta fuskar tasiri, matsakaici ta fuskar sarrafa zance.

4.3 The Milkmaid (2020)

An ɗauki wannan fim a Jihar Taraba. Labari ne na 'yan'uwa mata biyu Fulani masu tallar nono, A'isha da Zainab, waɗanda 'yan tada ƙayar baya suka raba da gida. Ya ci lambobin yabo a gasar AMAA ta 2020, ciki har da ta gwarzon fim, Maryam Booth kuma ta sami ta mataimakiyar jaruma. Ta fuskar hoto ya yi wa fina-finai biyun da suka gabata nisa, kuma jigonsa ya taɓo ciwon da bai warke ba.

Ta fuskar harshe, abin yabo shi ne sauyin bakin Zainab. Bayan ta zauna cikin maharan ta sami matsayi, maganarta ga 'yar'uwarta ta tashi daga ta jini ɗaya ta koma ta mai ba da umarni, kuma wannan ya fi kowane bayani nuna abin da aka yi wa zuciyarta. A wasu wuraren kuwa zancen gajere ne, aikinsa kawai ya tura labari gaba, hoto ne yake ɗauke da nauyin. Har ila yau, dole manazarci ya yi hattara da tambaya ta (b). Hausar da ake yi a yankunan Taraba da Adamawa, inda take harshe na biyu ga mutane da yawa, takan sassauta bambancin jinsi da wasu sautuka. Wanda ya auna irin wannan baki da Daidaitacciyar Hausa ya kira shi kuskure, ya yi awo da mudun da ba na kasuwar ba.

5.0 Kammalawa

Idan aka bi ma'aunin harshe kaɗai, *Shaihu Umar* ne a gaba, *The Milkmaid* ya biyo, *Sangaya* ya zo na uku. Idan aka bi ma'aunin tasiri a kan masu kallo da sana'ar, jerin juyewa zai yi. Idan kuma hoto aka sa gaba, *The Milkmaid* ba shi da abokin karawa a cikinsu. Wannan ya nuna cewa maki bakwai ko tara cikin goma ba ya gaya wa kowa kome sai an faɗi abin da aka auna.

Saboda haka akwai aiki biyu a gaban sassan nazarin harsunan Nijeriya. Na farko, su shigar da zancen fim cikin abin da ake feɗewa a aji, kamar yadda ake yi wa waƙa da ƙagaggen labari, kuma tambayoyin da aka kawo a sama za su yi aiki ga fim ɗin Yarbanci ko na Ibo da 'yan gyare-gyare. Na biyu, su sa hannu wajen adana fina-finan bidiyo na shekarun 1990, irin su *Gimbiya Fatima* da *In Da So Da Ƙauna*, waɗanda a kan kaset aka fitar da su, kaset kuwa yana lalacewa da zafi da ƙura. Cikinsu akwai Hausar birnin Kano ta wancan lokaci kamar yadda matasa suka yi ta. In suka salwanta, mai nazari na gaba zai dogara ne da abin da masu bege suka gaya masa, ba shi da hanyar sake kallo ya tabbatar.