Farautar Dakota tana neman fin ƙarfin talaka

Asabar ta uku a watan Oktoba ake buɗe farautar fezan a jihar Dakota ta Kudu, kuma sai wanda ya gani da idonsa zai yarda cewa tsuntsu ɗaya na iya tayar da jiha sukutum. Fezan bai wuce girman zabo ba, sai dai namijin yana da doguwar wutsiya, jar fuska da farin zobe a wuya. Ba ma ɗan gari ba ne. Daga ƙasar Sin aka kawo shi Amurka, aka sake shi kusa da garin Redfield a 1908, aka buɗe farautarsa ta farko a 1919. Yau shi ne tsuntsun da jihar ke tinƙaho da shi. A makon buɗewa, 'ya'yan da suka watsu a birane kan dawo gida kamar ana hutun Sallah, kowa da hula ruwan lemo a kansa don kada ɗan uwansa ya harbe shi cikin ciyawa.

Lokacin da nake karatu a gabashin jihar, wani abokin ajinmu ɗan manomi ne ya fara jana zuwa wannan harka. Filayen can shimfiɗe suke kamar tabarma, ido ya yi ta tafiya babu dutse babu daji, sai masara da ciyawa da iska mai ratsa ƙashi. Gona irin wannan ta fi ƙarfin mutum ɗaya, domin fezan ya fi son gudu a ƙasa da tashi sama. Sai mutum takwas ko goma su jeru su nausa cikin kara, karnuka na gaba suna sansana, biyu ko uku kuma su zagaya su tsaya a ƙarshen gona su tare. Can a ƙarshen ne tsuntsayen ke rasa wurin gudu su fashe sama. In tamatar ce ta tashi, kowa ya ɗaga murya, "Mace ce!" don doka ta hana taɓa ta. Zakara uku ne rabon mutum a yini. Ni kan yi bisimilla kafin in ja kunamar bindiga, kuma tun ranar farko da na faɗa musu dalili, ba wanda ya sake tambayata.

Abin da ya fi kama zuciyata ya faru ne tun kafin a ɗora harsashi. Ƙasar yankin kusan duk mallakar mutane ce. A jihohin Kansas da Nebraska ma ta haura kashi 95 cikin ɗari. Dabbar dawa a dokar Amurka ta jama'a ce, amma gonar da take kwana a ciki ta wani ce. Saboda haka farauta ta ginu a kan roƙo. Za ka tsayar da mota, ka cire hula, ka ƙwanƙwasa ƙofa, ka faɗi ko kai ɗan wane ne. Na tuna wani dattijo maƙwabcin su abokin nawa da ya dube mu daga sama har ƙasa, sannan ya ce da abokina, "Ɗana, ku shiga, amma ku rufe mini ƙofar shinge, kuma ku yi nesa da shanu." Da yamma muka kawo masa tsuntsaye biyu a fige, matarsa ta zaunar da mu shan shayi. Da bazara abokina ya je ya taya shi gyaran wayar shinge. Haka zumuncin yake juyawa shekara da shekaru, ba takarda, ba sisi.

Wannan ne ke ɓacewa, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. A yau gona mai tsuntsu haja ce. Attajirai daga manyan birane suna kama hayar farautar fili na shekara guda cur, a kafa allon hana shiga. Masaukan alfarma sun yawaita, inda baƙo ke biyan ɗaruruwan daloli a yini, a ba shi ɗan jagora da kare da abinci. A wurare da yawa tsuntsayen ma a keji aka rene su, a sake su gabanin zuwan baƙi, kuma irin waɗannan filaye masu lasisi suna aiki tun daga Satumba har Maris. A ganina wannan ciniki ne aka sa masa rigar farauta. Wanda ya biya ba ya bin kowa godiya, ba ya sanin sunan mai gona, ba ya dawowa gyaran shinge.

Ban ga laifin manomi ba, ko kaɗan. A 1985 gwamnatin tarayya ta kafa shirin biyan manoma su bar wani sashe na gonarsu ya huta da ciyawa shekara goma zuwa sha biyar. A cikin ciyawar nan fezan ke ƙyanƙyasa, kuma a 2007 filin da ke cikin shirin ya kai kusan eka miliyan 37 a faɗin ƙasar. Sai farashin masara ya tashi saboda man itanol da ake yi da ita, aka sa garma aka kife miliyoyin eka. Da maɓoya ta ragu, tsuntsu ya ragu, sauran ciyawar da ta tsira ta yi tsada. Mutumin da bashin banki ya shaƙe, in aka miƙo masa kuɗi a kan abin da ya saba bayarwa kyauta, wa zai ce kada ya karɓa?

Amma a duba wa ke riƙe da dawan tun asali. Wannan ƙasa ce da aka karkashe ɓaunayenta daga miliyoyi har suka koma 'yan ɗaruruwa kafin ƙarni na 19 ya ƙare. Abin da ya farfaɗo da namun dajinta aljihun ƙananan mafarauta ne: kan sarkin farautar agwagwa da aka fara sayarwa a 1934, da dokar 1937 wadda a ƙarƙashinta ake karɓar harajin kashi 11 a kan bindigogin farauta da harsashi ana raba wa jihohi, da makamanciyarta ta 1950 a kan kayan kamun kifi. Makaniki da malamin firamare da direban babbar mota su ne masu yawan. In suka rasa inda za su sa ƙafa, za su jingine bindiga, 'ya'yansu ba za su koya ba, kuma ranar da ake neman masu kare fadama daga garma ba za a same su ba.

Jihohin sun farga. Dakota ta Kudu da Kansas da Dakota ta Arewa duk suna biyan manoma don su buɗe gonakinsu ga duk mai lasisi ya shiga da ƙafa, kuma a Kansas kaɗai filin ya kai wajen eka miliyan guda. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari, ina ma a ninka shi. Sai dai manhaja irin onX ce yanzu ke nuna maka iyakar filin a waya, ka shiga ka fita ba ka gaisa da kowa ba.

Ruwa dai har yanzu da sauƙi. Tafkin Oahe a kan kogin Mizuri ba mai kafa masa allo, kuma da hunturu abokai kan huda ƙanƙara su kafa 'yar bukka su yi ta fatsa suna hira. Ko nan ma, tun da na'urar LiveScope ta fito a 2018 tana nuna kifi yana iyo a allo, hirar ta ragu.

Bara na kira abokin nawa a daren buɗewa. Dattijon nan ya rasu, magadansa sun ba wasu baƙi hayar gonar. Ayarin da muka saba fita mu goma ya koma mutum huɗu. Ya ce a gefen hanyar ƙauye suka wuni, cikin kwarin ciyawar da dokar jihar ta yarda kowa ya yi farauta a ciki, kuma a nan ɗansa mai shekara goma sha uku ya kayar da zakaransa na farko. Yaron ya fige shi da kansa, sannan ya tambayi ubansa gidan wa za su kai.