Idan Dodo Ya Karɓi Bakin Labari

A tatsuniya dodo daga waje yake zuwa. Yana bakin rafi ko cikin kurmi, mai ba da labari kuwa yana zaune tare da mu. Amma akwai wani salon rubutun ban tsoro da yake kife wannan tsari: marubuci ya miƙa wa mugun bakin magana, kuma mugun nan yaro ne da tunaninsa ya goce. A ganina, a duk harkar ƙagaggen labari da wuya a sami gwanintar da ta kai wannan.

Shirley Jackson ta Amurka ta nuna yadda ake yi a littafinta na 1962, We Have Always Lived in the Castle. Merricat, 'yar shekara 18, ita ke magana. Tana gaya mana irin son da take yi wa yayarta Constance da kyanwarta, da abubuwan da take binnewa a ƙasa don tsare gidansu. Shekara shida kafin nan yawancin 'yan gidan sun mutu, an zuba musu guba a sukari. Kafin ka tabbatar ita ce ta zuba, ka riga ka koma bayanta, kana jin haushin mutanen garin da suke tsangwamar ta. Tsoron a nan yake: ka waiga ka ga da wa ka yi tafiya.

Sirrin aikin sanyin murya ne. Marubucin da bai ƙware ba sai ya sa yaronsa dariyar ƙeta da zare ido, mai karatu ya ja baya ya huta, don ya gane dodo. Gwani kuwa barin yaron yake ya faɗi ta'asarsa da muryar da zai ba da labarin aiken da aka yi masa kasuwa. Haka Iain Banks ya yi da Frank, ɗan shekara 16 a wani tsibiri na Sikotilan, cikin The Wasp Factory na 1984. Frank ya kashe yara uku 'yan uwansa tun bai kai shekara goma ba, yana kuma lissafa su ba tare da ko gezau ba. Yana da dokokinsa da camfe-camfensa, har da sanduna masu kawunan dabbobi da ya kafa su tsare masa tsibirin, kuma kowace doka tana da hujja a wurinsa. Sai marubuci ya gina wannan hankali daki-daki har ya tsaya da ƙafarsa, sannan ya bar 'yar kafa da mai karatu zai hango abin da yaron bai gani ba: shirun da babba ya yi, ko yadda aka janye ƙaramin yaro daga kusa da shi.

Mu ma muna da irin wannan yaro tun da daɗewa. A Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a Zariya bayan gasar rubutun ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, Abubakar ya nemo asirin da ya lalata Kyauta, ɗan Malam Shehu da Zainab, don ya rama ƙwace masa Zainab da Malam Shehu ya yi. Kyauta ya tashi ɓarawo, ya kai ga kashe mahaifinsa bai sani ba. Sai dai daga nesa aka nuna mana shi. Da shi ne ya riƙe labarin, yana jin hannunsa na kaiwa ga kayan mutane bai san dalili ba, da barci ya gagari masu karatu da yawa. Elnathan John ya matso kusa a Born on a Tuesday, wanda Cassava Republic ta Abuja ta buga a 2015. Dantala, yaron da ke ba da labarin, ba mugu ba ne, amma da bakinsa muke jin yadda yaran gindin kuka suke karɓar kuɗin 'yan siyasa su cinna wuta.

Marubucin da ke zaune a Kubwa, a gefen Abuja, ba ya buƙatar kurmi. Iyaye suna fita da asuba don su tsere wa cunkoson babbar hanyar shiga birni, ba sa dawowa sai bayan isha. Tsakanin nan akwai yaro a bayan ƙyauren ƙarfe, shi da waya da ƙanensa, yana tsara wa kansa dokoki. Maƙwabta duk suna yabon ladabinsa, shi kuma zai fara labarinsa da gaya mana yadda yake durƙusawa ya gaishe su.