Zubi da Tsari da Sarrafa Harshe a Waƙoƙin Haihuwa na Zamani: Nazarin Waƙoƙi Biyu na Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya saba da feɗe rubutacciyar waƙar Hausa yakan fara ne da neman amsa-amo da kari da yawan ɗangwaye a baiti. Idan aka miƙa masa waƙar da ba ta da amsa-amo, ba ta kuma hau wani karin da ya sani ba, sai ya yanke hukuncin cewa ba ta da tsari. Wannan takarda ta ɗauki waƙoƙi biyu na Ingilishi masu jigon haihuwa domin nuna cewa tsarin yana nan, wurin zamansa ne kawai ya sauya. Ta farko ita ce "Morning Song" ta Sylvia Plath, mutuniyar Amurka, wadda ta rubuta a 1961, bayan haihuwar ƴarta ta fari a Landan a 1960. Waƙar ce ta buɗe diwaninta mai suna Ariel, wanda ya fito a 1965, shekara 2 bayan rasuwarta. Ta biyu ita ce "Catrin" ta Gillian Clarke, wadda aka haifa a Kadif ta ƙasar Wales a 1937. An yi amfani da kalmomin nazari irin waɗanda Abdulƙadir Ɗangambo ya yaɗa a fagen feɗe waƙa.

2.0 Waƙar Plath

Waƙar ƙwar uku ce, baiti 6, ɗango 18, babu amsa-amon ciki ko na waje. Abin lura na farko shi ne yadda wakilin suna ke tafiya. A baiti na ɗaya ana magana da jaririya, amma uwa ba ta fito ba. Ungozoma ce ke aiki. A na biyu sai jam'i ya shigo, wato iyaye a tsaitsaye suna kallo. Uwa ba ta ambaci kanta ita kaɗai ba sai a baiti na uku, kuma a nan ɗin ma nesanta kanta ta yi daga matsayin uwa. Sai a baiti na biyar ne kukan dare ya tashe ta, ta taso da nauyin jiki ta nufi ɗiyar. Wato jerin baitocin shi ne tazarar da mai jego ta ci kafin ta iso ga abin da ta haifa.

Kamantawa ma haka ta bi. Da fari an kamanta jaririyar da agogo, sannan da mutum-mutumi a gidan tarihi, abubuwa marasa rai. Daga tsakiya sai masu rai suka karɓa: numfashinta ya zama na ƙaramin ƙwaro mai fiffike, bakinta na kyanwa, uwar kuma ta siffanta kanta da saniya saboda cikar nono. A ƙarshe kukan da aka fara da shi ya koma wasula, wato tubalin maganar ɗan Adam. Mai fassara zai iya jin siffantawar saniya kamar zagi ce a Hausa, to amma a waƙar raha ce, kuma ita ce wurin farko da uwar ta yarda jikinta na ɗiyar ne.

Akwai kuma saɓi-zarce guda ɗaya tak. Kowane baiti yana rufe maganarsa, in ban da na biyar, inda jimlar da ke bayanin taga ta tsallaka zuwa na shida daidai lokacin da gari ke wayewa. Da amsa-amo ne ya ɗaure waƙar, da kunne ya tafi can, wannan tsallake bai fito ba.

3.0 Waƙar Clarke

Ita wannan baiti 2 ce kawai, kuma ba su daidaita ba: na farko ɗango 17, na biyu 12. Na farko yana ɗakin haihuwa a asibiti, ɗaki fari mai zafi, uwa na kallon motoci ta taga. An kawo naƙuda a matsayin kokawa tsakanin mutum biyu da kowannensu ke neman ya rabu da ɗan'uwansa. Na biyu ya fara da cewa ba wadda ta kayar da wata, sannan lokaci ya juya daga shuɗaɗɗe zuwa na yanzu: yarinya ta girma, tana neman a ƙara mata awa ɗaya ta wasan zamiya a waje cikin duhu.

Farin filin da ke tsakanin baitocin shi ne yankan cibiya, shi ne kuma shekarun ƙuruciyar da ba a ba da labarinsu ba. Abin da ya ƙetare filin nan shi ne igiya. A baiti na farko cibiya ce, ja, wadda ake jayayya a kanta. A na biyu ta dawo a matsayin alamtarwa, tana shaƙe rayuwar uwa. Aikin da amsa-amon waje yake yi a waƙar Hausa, na ɗaure baitoci su zama abu ɗaya, shi igiyar nan ta yi. Gangara kuma ta yi yawa ƙwarai, ɗango kan karye a tsakiyar yankin jimla, mai karatu ya riƙa jin ja da saki. Inda waƙar ta yi rauni shi ne dab da ƙarshe, da marubuciyar ta kira so da rikici da sunayensu, alhali igiyar ta riga ta faɗe su. Plath ba ta yi wa hotunanta irin wannan tafinta ba.

Sunan ƴar yana kan waƙar, amma bai fito ko sau ɗaya a cikinta ba. Da "ke" ake yi mata magana har ƙarshe. Ɗalibi Bahaushe zai iya tuna kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kama sunan ɗanta, sai ta yi masa alkunya. Kamannin na sama-sama ne. A al'adar Hausa jama'a ce ta ɗora wa uwa kawaicin, shi ya sa da wuya a samu rubutacciyar waƙar da uwa ta fito fili tana bayyana abin da ta ji game da ɗanta na fari. Clarke kuwa ta rubuta sunan a sama kowa ya gani, ta cire shi daga baitocin ne domin kokawar ta tsaya tsakanin "ni" da "ke", ta yadda kowace uwa da ƴa za su iya shiga gurbin.